Inna, wata goma sha shida ba ciki: ko mahaifata ce ta juye?

Wasiƙar wannan mako daga unguwar Birni ta fito, a nan cikin Damagaram. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Inna. Shekarata 22, yau wata goma sha shida da aurena, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mai gidana a Agadas yake sana'a, sau ɗaya yake zuwa gida a wata. Ranar da na yi wankan tsarki nake kiransa a waya, washegari ya kamo hanya, ya yi kwana biyar ko shida ya koma. Al'adata ba ta da tsayayyar rana. Na duba inda nake rubutawa saboda salla, na ga daga zuwan jini zuwa na gaba kwana 33 ne, sai 36, sai 34. Jinin kwana shida yake yi. Abin da ya fi damuna, bayan tafiyarsa da ƴan kwanaki sai wani farin ruwa mai yauƙi ya riƙa zubo mini, ba ƙaiƙayi ba wari, amma har kamfaina yake jiƙawa. Ƙawata ta ce sanyi ne, kuma shi yake kwaso mini a can. Na kashe fiye da jika ashirin a maganin sanyi, na sha da na matsi. Wata tsohuwa ta taɓa marata ta ce mahaifata ce ta juye. Uwar mijina kuma ta fara yi mini habaici. Inna, ni juya ce? Ko mijina ne yake cin amanata?"

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya yi miki albarka da kika rubuta kwanakin nan. Na daɗe ina aikin ungozoma, kuma cikin matan da ke zuwa mini da kukan rashin ciki, kaɗan ne za ki tambaya yaushe jini ya zo musu na ƙarshe su faɗa miki ranar. Ke wata uku kika ba ni cif, kuma a cikin lambobin nan uku na hango abin da nake kyautata zaton shi ya tsaya miki.

Ki fara ajiye kalmar juya a gefe. Mijin da ke kwana biyar ko shida a wata, in aka tara kwanakin da kuka yi tare tun biki, da wuya su wuce ɗari. Ba a yanke wa mace hukunci a kan haka.

Yawancinmu an kai mu ɗakin miji an koya mana girki da turaren wuta da gyaran jiki, amma ba wadda ta zaunar da mu ta gaya mana yadda Allah ya shirya abin da ke ƙarƙashin cibiyarmu. Shi ya sa kowa ya faɗa mana magana sai ta zauna. To bari in zaunar da ke.

Mahaifa jaka ce ta tsoka mai kaurin bango. Ga wadda ba ta haihu ba, tsawonta santimita 7 zuwa 8 ne, ba ta kai dunƙulen hannunki ba. Tana zaune tsakanin mafitsara ta gaba da hanjin bayan gida ta baya, wasu jijiyoyi sun riƙe ta hagu da dama. A cikinta akwai shimfiɗa mai laushi wadda ke yin kauri ta zube kowane zagaye. Ƙasanta ya tsuke ya zama bakin mahaifa, shi kuma ya leƙo cikin farji. Ƙofofin mace uku ne, ta fitsari daban, ta farji daban, ta bayan gida daban, kuma na sha haɗuwa da masu ƴaƴa huɗu da biyar da ba su san ta fitsari da ta haihuwa ba ɗaya ba ce.

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai gidan ƙwai guda biyu, kowanne bai fi dabino girma ba. Da ƙwanki aka haife ki. Jaririya tana zuwa duniya da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu, lokacin balaga sun ragu zuwa dubu 300 ko 400, kuma cikin waɗannan kamar 400 zuwa 500 ne kawai za su nuna su fita a duk tsawon rayuwarta. Tsakanin gidan ƙwai da mahaifa akwai bututu siriri a kowane gefe, tsawon santimita 10 zuwa 12. Bakinsa yatsu-yatsu ne kamar gezar mayafi, da su yake cafke ƙwan idan ya fito, sannan wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani su riƙa tura shi a hankali. A cikin wannan bututu ƙwai ke haɗuwa da maniyyi. Sai bayan kusan mako ɗaya abin da aka haɗa ya gangaro mahaifa ya maƙale a shimfiɗarta.

Maganar tsohuwar nan kuwa, ina girmama tsofaffinmu, da yawansu sun karɓi haihuwa tun kafin a haife ni. Amma mahaifar da babu ciki a cikinta tana ɓoye ne a bayan ƙashin mara, hannu daga waje ba ya kai mata. Sai ciki ya kai wata uku ake fara jin ta ta saman mara. Gaskiya ne a wajen mata da yawa, kamar ɗaya cikin biyar, mahaifa takan jingina baya maimakon gaba. Halitta ce, kamar yadda wani yake bahago, kuma masu irinta suna haihuwa lafiya. Kada ki bari kowa ya danne miki mara ko ya murza ta da sunan zai miƙe miki mahaifa.

Yanzu ga inda nake so ki tattaro hankalinki. Jinin da kike gani shi ne ƙarshen aikin. Farkonsa a kai yake.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da muka koya a makaranta da sunan ipotalamus. Shi yake sakin wani sinadari kaɗan-kaɗan, bugu bayan bugu kamar luguden mata a turmi, kusan kowace awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bugun yana sauka a kan wata ƴar tsoka da ke rataye a ƙarƙashinsa, ba ta fi ƙwayar wake ba, ana kiranta ipofiz. Ita kuma sai ta zuba ƴan aike biyu a cikin jini, FSH da LH, su gangara har gidan ƙwai. Irin waɗannan ƴan aike da ke tafiya a jini su ake kira homon. Idan luguden nan na sama ya rikice, saboda zazzaɓi mai tsanani, ko yunwa, ko rama, ko damuwa mai hana barci, duk aikin ƙasa sai ya yi jinkiri. Shi ya sa mace takan ga al'adarta ta makara a watan da aka yi mata rasuwa ko ta kwanta zazzaɓin cizon sauro.

Tun jini bai ɗauke ba FSH ya soma aiki. Yakan tayar da ƴan jakunkuna da dama a gidan ƙwai, kowace da ƙwai ɗaya a cikinta. Suna cikin girma sai ɗaya ta tsere wa sauran, ta kumbura har ta kai kusan santimita 2, sauran su lotse. Wannan jaka ita ke fitar da homon ɗin da ake kira estorojen, kuma aikinsa biyu nake so ki riƙe. Na farko, yana sake gina shimfiɗar mahaifa da ta zube. Na biyu, yana sa bakin mahaifa ya riƙa fitar da ruwa, wanda kullum yake ƙara yawa, yana ƙara tsinkewa, yana ƙara yauƙi. Idan estorojen ya kai maƙura, ipofiz sai ta kwararo LH gaba ɗaya, kuma cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi jakar ta fashe ƙwai ya fita. Wasu matan har sukan ji ɗan suka a gefe ɗaya na mara a ranar. Ƙwan da ya fita ba ya daɗewa, awa 12 zuwa 24 ne rayuwarsa. In bai samu maniyyi ba a cikin wannan lokaci, na watan ya wuce.

Jakar da ta fashe ba ta tashi a banza. Takan rikiɗe ta zama wani ɗan curi rawaya mai fitar da homon na biyu, porojesteron. Shi ne mai gyaran ɗaki: yana tausasa shimfiɗar mahaifa ya cika ta da abinci, yana daskarar da ruwan bakin mahaifa ya toshe ƙofar, yana ɗaga zafin jiki da kusan rabin digiri. Nauyin nono da kumburin ciki da saurin fushi da kike ji gab da al'ada, duk a kwanakinsa ne. Curin nan rawaya kwanansa ƙidayayyu ne, kamar 14. Idan ciki ya shiga, ɗan tayin yakan aiko da nasa homon, hCG, wanda ke hana curin mutuwa, kuma shi ne abin da tsinken gwajin fitsari yake ganowa. Idan ciki bai shiga ba, curin ya bushe, homon biyun su faɗi, jijiyoyin shimfiɗar su tsuke, shimfiɗar ta saɓule ta fito tare da jini. Wannan ce haila. Ba dattin jiki ba ne ke fita, shimfiɗa ce da aka yi wa baƙo bai zo ba aka naɗe. Duk jinin da ke cikinta a wajen yawancin mata mililita 30 zuwa 40 ne, bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Faɗuwar homon ɗin kuma ita ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa a sake sabon lale.

Kin ga zagayen kashi biyu ne. Kashi na biyu, daga fitar ƙwai zuwa zuwan jini, kusan a tsaye yake, mako biyu ne ko ya ɗara ko ya gaza da kwana ɗaya ko biyu. Kashi na farko, wato lokacin da ƙwai ke ɗauka kafin ya nuna, shi ke tsawo ko gajarta daga mace zuwa mace, har daga wata zuwa wata. Likitoci biyu ne suka gano haka a shekarun 1920, kowa a ƙasarsa, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya. Saboda haka ranar ƙwai daga baya ake ƙirgo ta, daga jinin da zai zo. Maganar da ke yawo cewa kowace mace ran 14 take fitar da ƙwai, ta mai zagayen kwana 28 ce kaɗai.

To mu ɗauki naki. Ranar da jini ya fara ita ce rana ta 1. A watan kwana 33, cire 14, ƙwanki ya fita wajen rana ta 19. A na 36, wajen rana ta 22. A na 34, wajen ta 20. Ke kuma jininki kwana shida ne, kina wanka ran 7, mai gida ya iso ran 8, ya juya ran 12 ko 13. Maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar, shi ma sai ya tarar da ruwan da ya dace. In an yi masa duk alfarma, na daren ƙarshe zai kai rana ta 18. Ƙwanki kuwa bai fito ba tukuna. Manomanmu na Mirya da Magarya sun san binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa, kuma sun san idan ruwan ya daɗe bai sauka ba iri yakan lalace a rami. Abin da ke faruwa a ɗakinki ke nan wata bayan wata. Kina kiransa da kyakkyawar niyya, don ya same ki da tsarki, shi ma yana zuwa da kyakkyawar niyya, amma yana tafiya mako guda kafin lokacin.

Al'adarki ma da kike cewa ba ta da rana, lafiyarta ƙalau a yadda kika lissafa. Likitocin mata suna ɗaukar zagayen da ke tsakanin kwana 24 da 38 a matsayin daidai, matuƙar bambancin wata da wata bai wuce kamar mako ɗaya ba. Naki bambancin kwana uku ne. Abin da ke ruɗa ki, watan sama kwana 29 ne ko 30, naki zagayen ya fi shi tsawo, don haka kowane wata sai jinin ya matsa gaba da kwana huɗu ko biyar, yau a farkon wata, gaba a tsakiya.

Saura ruwan da kika kashe wa jika ashirin. A nan ne zuciyata ta fi sosuwa, domin ba ke kaɗai ba ce. Kalmar sanyi ta zama buhun da muke zuba komai a ciki, ciwon gaske da lafiya tsantsa, masu sayar da magani kuma sun gane haka. Dubi abin da kika rubuta da hannunki: fari ne, mai yauƙi, ba ƙaiƙayi, ba wari, kuma yana zuwa ƴan kwanaki bayan tafiyar mai gida, wato wajen rana ta 16 zuwa ta 21. Wannan siffar ruwan estorojen ce sak. Idan kika ɗebo shi tsakanin yatsu biyu zai miƙe kamar yauƙin kuɓewa ko farin ɗanyen ƙwai. Jikinki ne ke sanar da ke cewa ƙwai ya kusa fita. Farji wuri ne mai tsami, maniyyi ba ya daɗewa a cikinsa. Ruwan nan shi ke kare maniyyi daga tsamin, ya ciyar da shi, ya buɗe masa hanya ta bakin mahaifa, ya ajiye shi a lungunan wurin har ƙwai ya fito. Ba don shi ba, kwana biyar ɗin da na ambata sai su koma ƴan awoyi. Da ƙwan ya fita, porojesteron ya karɓi aiki, za ki ga ruwan ya yi kauri ya yi danƙo ko ya ɗauke. Ki lura wannan watan, za ki gani da idonki.

Ruwan ciwo daban yake, kuma ba ya ɓuya. Wanda ya yi gudaji-gudaji kamar kindirmo, ga ƙaiƙayi da zafi. Wanda ya yi toka-toka yana ƙarnin kifi. Wanda ya yi rawaya ko kore kamar mugunya, ko ya zo da ciwon mara, ko zafin fitsari, ko zafi lokacin kwanciya, ko ɗigon jini bayanta. Kowane ɗaya da maganinsa daban, wani ma sai an haɗa da miji, shi ya sa ake ɗiban ruwan a auna kafin a rubuta magani.

Ina roƙonki ki daina matsi daga yau. Bagaruwa, alif, kanwa, garin da aka ƙulla a leda ba a san me ke ciki ba, duk ki bar su. A cikin farji akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi, matsi da wanke ciki da sabulu suna kashe su, suna busar da fatar wurin har ta tsage, sai ciwon da ba ki da shi ya samu ƙofa. Haka kafson da masu talla ke yawo da shi a tire cikin rana: shan sa barkatai shi kansa yana jawo ƙaiƙayin nan mai kama da kindirmo. Waje kawai za ki wanke, da ruwa mai tsabta. Ciki yana wanke kansa.

Game da mijinki, ban san shi ba, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne ruwan nan ba shaida ba ne a kansa. Ko yana gari ko ba ya nan, ko budurwa ce da ba ta taɓa sanin namiji ba, wannan ruwa yana zuwa a lokacinsa. Ƙawarki ba ta nufe ki da sharri ba, abin da ta ji ta faɗa, amma maganarta ta dasa miki zargi a kan mutumin da ke cin kwalta daga Agadas kowane wata don ya zo gare ki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka gina a kan rashin sani. Ki cire shi daga ranki.

Abin yi na farko ba ya cin ko dala. Ki sauya ranar kiran. Tunda kwana shida ne kawai yake samu, ya iso wajen rana ta 16 ko 17, wato kwana tara ko goma bayan wankan tsarkinki, ya zauna har ta 22. In sana'a za ta bar shi ya ƙara kwana biyu, ya fi. A kwanakin nan ku kusanci juna kullum ko bayan kwana ɗaya-ɗaya. Kwana biyu ko uku kafin fitar ƙwai su suka fi albarka, domin gara ƙwai ya fito ya tarar ana jiransa. Ki haɗa lissafin da duban ruwan, in suka saɓa ki bi ruwan, don shi labarin watan da ake ciki yake ba ki, lissafi kuwa na watannin baya ne. Ki ci gaba da rubutu a littafinki, ki ƙara da ranar da yauƙi ya fara da ranar da ya ɗauke. Ki kuma fara shan ƙwayar folik asid, mikrogaram 400 kullum, tun yanzu. Tana kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri, waɗanda ke haɗuwa a makonnin farko tun mace ba ta san tana da ciki ba.

Na biyu, ku je a duba ku, ku biyun. Na gaya miki abin da nake zato, amma ta wasiƙa ba na ganin cikin bututu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce idan an shekara ana tare ba ciki a fara bincike, kuma rahotonta na 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ba abin kunya ba ne. Ki fara da ungozomar asibitin unguwarku, ki tafi da littafinki. In da buƙata za ta tura ki cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ko babban asibitin Damagaram, inda likitan mata yake. Za a ɗibi ruwan a auna, domin akwai ciwon da ke shiga shiru ba alama, irin kilamidiya, ya toshe bututu. Za a yi miki hoton ciki, ekogarafi, a ga mahaifa da gidan ƙwai. Akwai gwajin jini na porojesteron da ke tabbatar da ƙwai ya fita. Yawanci akan ce a yi shi ran 21, amma wannan ma na mai kwana 28 ne. Ainihin lokacinsa mako guda kafin jini ya zo, ke naki wajen rana ta 27 ke nan, don haka ki gaya musu tsawon zagayenki. Idan aka yi miki ran 21 zai iya fitowa ƙasa, a ce ba kya fitar da ƙwai alhali kina fitarwa. Hoton bututu, wanda ake zuba ruwa ta bakin mahaifa, shi yakan zo daga baya in an ga dalili.

Akwai abubuwan da ba ki ambata ba, in kina da ɗaya ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Ruwan nono yana fita alhali ba kya shayarwa, wannan alamar homon ɗin nono ne ya yi yawa, shi ne ma ke ɗauke wa mai goyo al'ada. Gashi a haɓa ko ƙirji da ƙuraje a fuska da ƙiba, alamar wata matsalar gidan ƙwai ce da ke samun kusan mace ɗaya cikin goma, kuma ana maganinta. Kumburin wuya irin na maƙoƙo. Sannan wanda aka fi mantawa a ƙasarmu: idan kin taɓa fitsarin jini kina yarinya bayan wanka ko wanki a tafki, ki faɗa. Tsargiya ba a mafitsara kaɗai take tsayawa ba, ƙwayayenta sukan zauna a bakin mahaifa da bututu, kuma maganinta, faraziƙwantal, sananne ne.

Kada ki sayi ƙwayar nunar da ƙwai irin Clomid don wata ta sha ta samu. An yi ta ne don wadda ƙwanta ba ya fita. Ke da alamu suka nuna naki yana fita, za ta iya busar miki da ruwan da kike buƙata, ta kumbura miki gidan ƙwai.

Shi kuma mai gida gwajinsa ɗaya ne, na maniyyi, kuma ya fi duk naki sauƙi da araha, ba allura ba ciwo. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri, akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da na matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa abu ne daban, yawan ƙwayoyin maniyyinsa da lafiyarsu abu ne daban. Na san maganar tana da nauyi a bakin mace. Kada ki tayar da ita a waya, kada kuma ki yi ta da dare bayan an yi miki habaici ranki yana ɓace. Ki bari ya iso ya ci abinci ya huta, ki buɗe masa littafinki ki nuna masa lissafin, ki ce ungozoma ta ce tare ake zuwa. Maza da yawa da na gani sun fi karɓar maganar idan suka ji daga bakin ma'aikacin asibiti, don haka in ya yi nauyin ƙafa, ki roƙe shi ya raka ki naki awon kawai, sauran ki bar wa likita.

Uwar mijinki jika take so, hanyar neman ce ba ta yi daɗi ba. Kada ki mayar mata da magana, kada kuma ki buɗe mata sirrin ɗakinki. Ɗanta ne ya kamata ya tare miki wannan, da kalma ɗaya mai laushi: Inna, muna neman magani, a taya mu da addu'a. Ke kuma ki samu mutum ɗaya a danginki, yayarki ko gwaggonki, wadda za ki riƙa sauke wa nauyin zuciya. Na gaya miki damuwa tana taɓa luguden nan na cikin kai, ba na so ki riƙa kwana kina kuka ke kaɗai. Ki ci abinci sosai, ki kwana cikin gidan sauro.

Ko da komai lafiya, kuma an dace da rana, ciki ba kowane wata yake shiga ba. Ga masu shekarunki damar kowane zagaye kamar ɗaya cikin huɗu ce. Saboda haka in kin gyara kiran watan farko jini ya zo, kada ki ce Inna ta yi kuskure ki koma wajen masu ƙulli. Ki ba shi wata huɗu zuwa shida, awon asibiti yana tafiya a gefe. Allah ya ba ki masu albarka, ya sa in ji kiran suna.

Ranar da jinin nan mai zuwa ya fara, ki rubuta 1 a littafinki. Ranar wankan tsarki ki kira mai gida kamar yadda kika saba, ku gaisa, ki ce masa ya kama kujerar motar kwana tara masu zuwa. Bayan wata uku ki sake rubuto mini da sababbin lambobin da abin da awon ya nuna.

Taki,
Inna